Ƙarancin da Littafin Tattalin Arziki ke Nufi, da Wanda Muke Gani a Gidan Mai

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe na sakandare daga Tudun Wada ta aiko mini da tambaya ta hannun wani tsohon ɗalibina da ke koyar da su. Ga abin da ta ce: "Malam, an koya mana cewa tushen ilimin tattalin arziki shi ne ƙarancin albarkatu, wai buƙatun mutum ba su da iyaka amma abin biyansu yana da iyaka. Na haddace amma ban gane ba. Talauci ake nufi, ko irin wahalar man fetur? Kuma da na karanta wa Babana, cewa ya yi wannan zancen Turawa ne, taskar Allah ba ta ƙarewa, Najeriya kuma ba abin da ta rasa sai shugabanni. Wa ke da gaskiya?"

'Yata, Allah Ya yi miki albarka da kika ƙi yarda da hadda kawai. Na shekara talatin da ɗoriya ina koyar da wannan darasi a garin nan na Zariya, kuma a kan wannan kalma guda ɗalibai suka fi tuntuɓe. Laifin na kalmar ne. Bahaushe in ya ji an ce "ƙaranci", abin da ke zuwa masa a rai shi ne an je kasuwa an nema an rasa, ko an tarar da ɗan kaɗan ana rububinsa. Malaman tattalin arziki kuwa sun ari kalmar sun ɗora mata wata ma'ana tasu, shi ya sa ke da Babanki kuka yi ta musu alhali kowa da abin da yake nufi.

Mu fara daga kuɗin cefane, tunda can ne ilimin yake tun kafin a rubuta shi. A ce Baba ya bar wa Mama naira dubu goma, ta aike ki kasuwar Sabon Gari. Akwai shinkafa, akwai manja, akwai tumatir da attarugu da albasa, ga nama, ga sabulun wanki ya ƙare, ga gawayi, ga ƙaninki yana kukan takalmi. Kasuwar cike take, ba abin da babu. Amma kafin ki fita sai kin ji Mama ta ce, "Ki fara da shinkafa da kayan miya, in an samu canji ki sayo nama na dubu ɗaya, takalmin nan a bari sai wani satin." Wannan jerantawa da ta yi, daga wanda ya fi matsuwa zuwa wanda zai iya jira, ita littafinku ke kira jerin fifiko. Abin da ya tilasta mata yin jerin kuwa shi ne ƙarancin da ake magana: abin da ke hannu bai kai ya biya duk abin da ake so a lokaci guda ba.

Za ki ce ai wannan talauci ne, da miliyan goma Baba ya bayar da an huta. Da an huta da zancen takalmi, gaskiya ne. Amma da Mama ta shiga wani sabon lissafi: a canza kujerun falo ne, ko a haƙa rijiyar burtsatse, ko a biya wa Kaka kujerar Umara? Attajirin da ya fi kowa kuɗi a Afirka ma awa 24 gare shi a yini kamar mai tura baro a Ƙofar Doka, kuma in yana zaman taro a Legas ba ya Kano. Talauci hali ne da yake samun wasu ya bar wasu, ana shiga ana fita. Ƙarancin da muke karantarwa kuwa bai bar kowa ba, daga almajiri har gwamnatin Amurka.

Ma'anar da kuka haddace ta wani malami ce ɗan Ingila, Lionel Robbins, wanda ya koyar a makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, ya kuma fitar da ita a 1932. Ya ce wannan ilimi yana nazarin yadda ɗan Adam yake yi tsakanin manufofinsa da kuma abubuwan cim musu, waɗanda taƙaitattu ne kuma ana iya amfani da su ta hanya fiye da ɗaya. Ɗalibai sukan riƙe "taƙaitattu" su yar da wutsiyar maganar, alhali a wutsiyar nan naman yake.

Ɗauki manomi a Giwa ko Soba mai eka ɗaya. Damina guda ce a shekara. In ya shuka masara a gonar, to bana ba ta waken soya ba ce. In ya haɗa dawa da wake a kunya ɗaya, kamar yadda iyayenmu suke yi, kowanne ya rage wa ɗan'uwansa wuri. Buhun taki ɗaya da ya samu, ko dai ya zuba wa masarar tudu ko ya kai wa shinkafar fadama, in kuwa ya ce sai ya raba wa kowace gona, ai kin san in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Bayan girbi ma maganar ba ta ƙare ba. Buhun masarar nan tuwon gida ne, kuɗin makarantar yara ne, abincin kaji ne, irin baɗi ne, kuma kwanon da aka kai niƙa ba zai koma rumbu ba. Da a ce kowane abu amfaninsa guda ne tak, da ba sai an zauna tunani ba. Saboda abu ɗaya yana da masu jiransa da yawa, dole a zaɓa, kuma duk wanda ya zaɓa ya bar wani abu.

Abin da aka barin nan shi ne ainihin tsadar zaɓi. Littafinku yana da sunan da yake kiransa, ni a aji nakan ce "abin da aka sarayar". Hausawa sun daɗe da gama maganar da suka ce taura biyu ba ta taunuwa. Ki lura, ba dukkan abubuwan da aka bari ake ƙirgawa ba, mafi kyawun cikinsu kawai, wato wanda da shi za a yi da ba a yi wannan ba. Manomin da ya shuka masara ya samu ribar naira dubu ɗari uku, alhali da waken soya ya shuka da dubu ɗari huɗu zai samu, a littafin ɗan kasuwa ya ci riba, a lissafinmu kuwa ya bar dubu ɗari a ƙasa. Ke ma in Allah Ya ba ki gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, tsadar karatunki ba ta tsaya ga kuɗin rajista da na mota zuwa Samaru ba. Shekara huɗun da za ki yi a aji, da a shagon ɗinki kika yi su da kin ƙware kina samun na kanki. Ba ina hana ki karatu ba ne, ni da na ci abinci da alli har na yi furfura. So nake ki shiga da sanin abin da kika biya, don ki riƙe shi da daraja. Haka filayen da ke kewayen Samaru da Zango da Hanwa: wuraren da na sani ana noman dawa yau ɗakunan haya ne na ɗalibai. Masu filin sun auna sun ga haya ta fi, kuma dawar da ba a noma ba ita ce abin da suka sarayar.

Akwai abubuwan da ba sa shiga wannan lissafi, kamar iskar da muke shaƙa da hasken rana, domin in kin ɗiba ba ki rage wa kowa ba, ba ki kuma bar komai don ki samu ba. Amma iyakar da ke tsakanin na kyauta da na saye ba a kafe take ba, kuma mu mutanen Zariya ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba. A watan Agusta ki ajiye baho a ƙarƙashin indararo, kafin ki juya ya cika ya tumbatsa, ba mai tambayar ki ko kwabo. A watan Maris ruwan nan dai shi ne kike tsayawa a ƙofar gida kina jiran mai garuwa, kina ciniki a kan jarka. Ruwan saman da ke sauka a yankin nan yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, ba kaɗan ba ne, sai dai kusan dukkansa daga Mayu zuwa Oktoba yake zuba ya bi Kubanni da Galma ya wuce. Ruwan da ke da tsada shi ne mai tsabta, a bakin famfo, a tsakiyar bazara. Kafin a samu wannan sai an yi madatsa, an sa injina, an samu wutar da za ta juya su, an shimfiɗa bututu, an sayi maganin tacewa, kuma kowanne daga cikinsu da ana iya kai kuɗinsa asibiti ko makaranta.

Ruwan nan ya taɓa rikita manyan masana. Adam Smith, wanda ake ɗauka uban wannan fanni, ya kawo maganar a 1776: ba abin da ya kai ruwa amfani amma kusan ba ya sayen komai, lu'ulu'u kuma ba ya maganin ƙishi ko yunwa amma ana ba da dukiya a kansa. Sai wajen 1871 zuwa 1874 wasu masana uku, Jevons a Ingila, Menger a Ostiriya, da Walras a Suwizalan, suka warware ta, kowa a nasa ɓangaren. Amsar kuwa kowace uwar gida a Tudun Wada ta san ta. Jarkar farko ta sha da girki ce, ko nawa aka ce za a biya. Ta uku ta wanka ce. Ta shida ta wanki. Ta goma sai yayyafa wa tsakar gida, kuma in mai garuwa ya ƙara ko naira ashirin a kanta sai a ce ya wuce. Farashi yana bin darajar jarkar ƙarshe da aka saya, ba darajar ruwa gaba ɗaya ba. Inda ruwa ya wadata, jarkar ƙarshe ba ta da wani daraja. Matafiyin da ƙishi ya kama a hamadar Azbin kuwa zai ba da zoben zinariya a kan moɗa guda.

Yanzu mu zo ga man fetur da kika ambata. Wannan wani abu ne daban, kuma Hausa tana da kalmar da ta fi dacewa da shi, wato ƙamfa. Ana samun ƙamfa ne idan a kan farashin da ake sayarwa masu nema sun fi kayan da aka fito da su. Shekara da shekaru gwamnati ce take yanke farashin lita tana cike giɓin da tallafi. Duk ranar da kayan suka yi jinkirin isowa, ko masu gidajen mai suka ji ƙishin-ƙishin za a ƙara kuɗi suka rufe ƙofa, ko aka karkatar da tankoki zuwa ƙetaren iyaka inda ya fi tsada, sai layi ya miƙe daga gidan mai har ya tare titi, 'yan bumburutu kuma su fito da galan a gefen hanya. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga abin da bai kai naira 200 ba zuwa sama da 500. Ba a daɗe ba layi ya watse. To man ne ya ƙaru? Ko kusa. Masu nema ne suka ragu: wannan ya jingine mota ya koma hawa acaɓa, wancan ya daina tada janareto, mai zuwa Kaduna kowane mako ya koma sau ɗaya a wata. Ƙamfa ta kau, ƙaranci yana nan daram, sai ma ciwonsa da ya ƙaru a aljihu. Dā da lokacinka da barcinka kake biya a layi, yanzu da kuɗinka.

Haka muka ga ƙamfar takardun kuɗi a farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya janye tsofaffin, sababbin kuma ba su wadata ba. Mutum da kuɗinsa a asusu amma sai ya sayi naira da naira a hannun masu POS. Wannan ƙamfa ce da aka ƙirƙira da alƙalami, kuma da Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, aka sake fito da su, sai ta lafa. Tumatir ma a 2016, da tsutsar nan da manoma suka laƙa wa suna sharon ta cinye gonaki har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, kwando ya ninka kuɗinsa sau da yawa, mata suka koma miyar kuka da kuɓewa, da sabon tumatir ya fito kuma aka manta. Duk waɗannan suna da ranar farawa da ranar ƙarewa. Shi kuwa zaɓi tsakanin tumatir da nama a kuɗin cefane ba ranar da zai ƙare.

Abin da nake so ki riƙe daga zancen layi shi ne, duk abin da masu sonsa suka fi yawansa sai an sami hanyar raba shi, ko an so ko an ƙi. Farashi hanya ɗaya ce. Layi hanya ce. Ƙuri'a hanya ce. Cancanta hanya ce, kamar yadda makin JAMB yake tace dubban masu son karatun likita a Zariya zuwa adadin da ɗakunan gwaji da gadajen asibitin koyarwa na Shika za su iya ɗauka. Alfarma da sanayya ma hanya ce, ita ce ma muka fi gwanancewa a kanta. Kowace tana da wanda take cuta. Farashi yana cutar marar kuɗi, layi yana cutar mai rauni da mai aikin da ba zai iya bari ba, alfarma tana cutar wanda bai san kowa ba. In kin ji ɗan siyasa ya ce zai raba abu "kyauta ga kowa", ki tambayi kanki wace hanya za a bi in kayan ba su kai ba. Na taɓa kwana biyu ina bin layin takin gwamnati mai rahusa a wani wuri da ba sai na faɗa ba, aka ce mu shida za mu raba buhu, da yamma kuma na tarar da irin buhunan nan a shagon wani a kan cikakken kuɗi. Ranar na gane darasin da nake koyarwa fiye da yadda na gane shi a jami'a.

Kusan kowace shekara sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, to me zai hana gwamnati ta buga kuɗi da yawa ta raba wa kowa? Kuɗi ba su ne albarkatun ba. Albarkatun su ne ƙasa da abin da ke cikinta, da ƙwadagon mutane da basirarsu, da kayan aiki irin su injin niƙa da keken ɗinki da garma da hanyar mota, sai kuma mai dabarar haɗa su ya ɗauki kasada. Kuɗi takardar neman kaya ce kawai, in aka ninka takardu ba a ninka buhunan masara ba, buhu ne zai ninka kuɗinsa. Ina yaro aka yi ƙarin albashin Udoji zamanin Janar Gowon, aka biya ma'aikata da ariyas a farkon 1975. Aka yi ta sayen rediyo da babur da atamfa, 'yan kasuwa kuma suka yi nasu Udojin, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar. Zimbabuwe ta kai abin ƙarshe, har ta buga takarda guda ta dala tiriliyan 100, kuma ba ta ƙara wa ƙasar ko kwanon gari ba.

Sai maganar Babanki, kuma ina so ki kai masa ita da ladabi. Da ya ce taskar Allah ba ta ƙarewa, gaskiya ya faɗa, ba Musulmin da zai ja da wannan. Amma ayar da ta ba mu labarin taskar ita ce ta ba mu labarin awo. A Suratul Hijri, aya ta 21, Allah Yana cewa babu wani abu face taskokinsa suna wurinSa, kuma ba Ya saukar da shi sai da gwargwado sananne. A Suratush Shura, aya ta 27, Ya ce da Ya shimfiɗa wa bayinSa arziki da sun yi ɓarna a bayan ƙasa, amma Yana saukarwa da gwargwado yadda Ya so. Ilimin tattalin arziki bai san komai game da taska ba, bai kuma yi da'awar sani ba. Aikinsa a kan gwargwadon da ya sauko hannu ne. Annabi Yusufu, aminci ya tabbata a gare shi, ya fi mu sanin taskar Ubangijinsa, amma da ya fassara mafarkin sarkin Masar cewa ya yi a yi noma shekara bakwai, a bar hatsin a zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci, saboda shekaru bakwai masu tsanani da ke tafe. Wato a rage cin yau don a samu na gobe. Rumbun da ke bayan ɗakin kakanninki wannan darasin ne aka gina da laka. Ki duba kuma ilimin rabon gado: da a ce dukiyar mamaci ba ta da iyaka, me zai sa a tsaya ana cewa wannan rabi, wannan sudusi, wannan sumuni? Ko kujerun aikin Hajji adadi Saudiyya take yanka wa kowace ƙasa, saboda filin Mina ba ya miƙewa.

Batun buƙatu marasa iyaka ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa da ɗan Adam yana da kwari biyu na dukiya da ya nemi na uku, kuma ba abin da ke cika cikinsa sai ƙasa. Inda nake ganin littafin makaranta ya yi sakaci shi ne yadda yake zuba komai a kwando ɗaya, tuwon dare da sabuwar waya duk "buƙata". Malaman usulu irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun fi shi tsari a nan, da suka kasa abubuwa zuwa na larura, da na buƙata, da na ƙawa. Larurar mutum tana da iyaka, cikinsa yakan cika, jikinsa riga ɗaya yake sawa a lokaci guda. Sha'awa ce ba ta da gindi. Akwai masana tattalin arzikin Musulunci na zamanin nan da suke cewa abin da Allah Ya ajiye a duniya ya isa larurar kowa, zari da zalunci ne suke kawo rashi. Na yarda da su a kan wannan. Sai dai ko a garin da kowa waliyyi ne, eka ɗaya ba za ta zama gona da makaranta da maƙabarta a lokaci guda ba, sai an zauna an zaɓa.

Maganarsa ta biyu, cewa shugabanci muka rasa, ita ma tana da masu goyon baya a cikin fannin. Amartya Sen, masani ɗan Indiya da ya karɓi kyautar Nobel a 1998, ya yi nazarin yunwar da ta kashe miliyoyin mutane a yankin Bengal a 1943, ya nuna cewa abincin da ke yankin bai ragun da zai kawo irin wannan mutuwa ba. Farashi ne ya tashi ya bar ladan 'yan ƙwadago da masunta a baya, aka yi ta mutuwa alhali akwai shinkafa a ƙasar. Mu ma mun san masu saye da kaka su kulle a sito sai bazara, kuma hadisin Muslim ya ce ba mai ɓoye kaya sai mai laifi. Saboda haka ba duk rashi ne daga ƙarancin kaya ba, sau da yawa daga rabo ne.

Amma kada mu ruɗi kanmu da cewa ƙasar nan tana da arzikin da in ba a sata kowa zai kwanta ya ci. A ƙidayar 1963 mu kusan miliyan 56 ne, a ta 2006 miliyan 140, yau mun haura miliyan 200, faɗin ƙasar kuwa yana nan yadda yake. Gonar da kakanka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma sha biyu ne a kanta. Wani limamin coci ɗan Ingila, Thomas Malthus, ya hango irin wannan a 1798, ya ce yawan jama'a zai riƙa tsere wa abinci har yunwa ta daidaita su. Abin da bai hango ba shi ne ilimi zai iya sa eka ɗaya ta ba da abin da eka uku suke bayarwa. Takin zamani ya zo, ingantaccen iri ya zo, kuma wani yanki na wannan aiki a nan bayan gidanmu ake yinsa: tashar binciken noma ta Samaru tun 1922 take, ita ce ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'a, kuma irin masara da dawa da wake da gyaɗa masu suna da ke farawa da SAM daga can suka fito. Layin waya da aka saya da dubban nairori lokacin da wayar salula ta shigo a 2001, yau kusan roƙon mutum ake yi ya karɓa. Iyakar tana matsawa in an yi aiki. Sai dai in ta matsa daga nan takan ɓullo can: sabon irin masara yana son taki, taki yana son kuɗi, kuɗin kuma bashi ne da ake biya da kaka lokacin da buhu ya fi arha.

A nan ne nake ganin maganar Babanki da ta littafinki suke haɗuwa. Wasu shugabanni sukan fake da "ba kuɗi" duk sanda aka tambaye su, kamar ƙaranci uzuri ne. A wurina shi ne ma babbar hujja a kansu. Da a ce baitulmali ba ya ƙarewa, da wanda ya ɗiba bai cuci kowa ba. Saboda yana ƙarewa ne kowace naira da aka sace, ko aka zuba a aikin da aka yi watsi da shi a rabi, take da mai ita: ajin da yara ke zaune a ƙasa, ko unguwar da famfonta ya shekara bai ɗiga ba. Kasafin kuɗin jiha jerin fifiko ne irin na Mama, sai dai sifilinsa ya fi yawa. In kin ga an sa motocin manya a sama, an bar maganin asibitin karkara sai in an samu canji, to kin karanta abin da masu jerin suka fi so, ko me suka faɗa a rediyo.

Game da jarrabawa kuma, in aka ce ki bayyana ma'anar kalmar ƙaranci, kada ki rubuta cewa rashin kaya ne a kasuwa, nan ne yawancin ɗalibai suke zubar da maki. Ki ce taƙaituwar albarkatu ce idan aka gwada su da yawan buƙatun da ke jiransu, ki nuna yadda wannan yake haifar da jerin fifiko, jerin ya kai ga zaɓi, zaɓin ya bar abin da aka sarayar. Ki kawo misali guda da lambobi, ko na cefanen nan ne, domin mai duba takarda ya fi yarda da ɗalibin da ya iya misali. In an tambayi bambancinsa da ƙamfa, ki ce ita tana da nasaba da farashi kuma takan wuce, ki ba da misalin fetur. Ki gaida mini da Baba, ki ce masa in ya samu sarari ya buɗe aya ta 21 ta Suratul Hijri ku karanta tare, ina jiran jin abin da zai ce.